Kafin A Jefar Da Tsohon Fulogi

Duk wanda ya saba hawa babur mai ƙafa uku a birnin Kano ya san wannan al'amari. Ana cikin tafiya, an ɗauko fasinja daga Kabuga za a Bata, sai injin ya fara tari yana fizga, ƙarfinsa ya ragu, can sai ya mutu a tsakiyar titi. Direba ya tura shi gefe, ya ba fasinja haƙuri, ya zagaya baya ya buɗe murfin injin. Ba ya ɓata lokaci wajen tunani, domin tun kafin ya sauko ya riga ya yanke hukunci cewa fulogi ne. Sai ya kwance shi, ya kankare bakinsa da ɗan ƙarfe ko ya goga shi a gefen kwalta. In kuwa yana da sabo a aljihu, sai ya ɗaura, ya yi wurgi da tsohon cikin kwata. Injin ya tashi, fasinja su yi hamdala, a ci gaba da tafiya. Bayan mako biyu ko uku a sake yin irin wannan tsayuwa a wani titin.

Abin da wannan maƙala take son jawo hankalin ɗalibai da malamansu a kai shi ne, ta fuskar sani, abin da aka jefa cikin kwatar nan ya fi wanda aka ɗaura daraja. A cikin dukkan sassan injin, fulogi ne kaɗai yake zaune a ɗakin da wuta take ci, kuma ake iya zaro shi cikin minti biyu a dube shi da ido. Duk abin da ya faru a ɗakin nan ya bar alama a fuskarsa. Wanda ya canza fulogi bai dubi tsohon ba, ya yi daidai da mai ba majiyyaci maganin zazzaɓi kullum ba tare da ya tambayi abin da ke kawo zazzaɓin ba. Asarar wannan sakaci kuwa ba ta tsaya a aljihun direba ba, tana kaiwa har cikin huhun mutanen da ke bakin hanya.

Maganar ta shafi jama'a da yawa, domin wannan babur ya zama ƙafar talaka. A Legas an fara saninsa da sunan Keke Marwa a zamanin da Buba Marwa ya mulki jihar, daga 1996 zuwa 1999. Sunan Keke Napep ya samo asali daga shirin yaƙi da talauci na gwamnatin tarayya wanda aka kafa a 2001. A Kano kuma, a zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, an shigo da baburan domin ɗaukar mata, sai sunan shirin A Daidaita Sahu ya bi su har yau. Da gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a babur mai ƙafa biyu cikin watan Janairun 2013, sai nauyin zirga-zirgar birni ya koma kansu. Kowane ɗaya daga cikinsu kuwa, tafiyarsa da tsayuwarsa suna rataye a kan wani ɗan ƙarfe da bai fi tsawon yatsa ba.

Ɗan Ƙaramin Abu Mai Babban Aiki

Galibin waɗannan babura, irin su Bajaj RE da TVS King da ake ƙerawa a Indiya, injinsu silinda ɗaya gare shi, kuma cikinsa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na lita ba. Yana aiki ne bisa tsarin bugu huɗu wanda Nikolaus Otto, mutumin Jamus, ya fito da shi a 1876. A bugun farko fistin yana sauka ya zuƙo iska gauraye da tururin fetur. A na biyu yana hawa ya matse su wuri ɗaya. Daidai ƙarshen matsewar ne fulogi yake fitar da tartsatsi, haɗin ya kama da wuta, iskar ta kumbura ta tura fistin ƙasa da ƙarfi, wanda shi ne bugu na uku. A na huɗu fistin yana sake hawa ya kori hayaƙin ta salansa. Ke nan a duk juyi biyu na injin ana bukatar tartsatsi ɗaya mai kunna wuta. Idan injin yana juyi 3,000 a minti ɗaya, tartsatsi 1,500 ke nan a minti, watau 25 a daƙiƙa guda. Direban da ya yi awa goma yana aiki a kan wannan gudu, fuloginsa ya kunna wuta sau 900,000 kafin ya koma gida. Mota mai silinda huɗu, idan fulogi ɗaya ya gaza, tana iya ɗingisawa da sauran ukun. Mai silinda ɗaya ba shi da mataimaki.

Samar da tartsatsin nan ba ƙaramin aiki ba ne. Batir ɗin babur yana ba da bolt 12 ne kawai, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin turin lantarki. Iska ba ta yarda lantarki ya ratsa ta cikin sauƙi. A sarari, sai an sami kimanin bolt 3,000 kafin lantarki ya tsallake tazarar milimita ɗaya, kuma idan an matse iskar kamar yadda fistin ke yi, ƙarfin da ake bukata yana ninkuwa. Don haka aka sa wata na'ura da makanikai ke kira koyil, wadda take ɗaga ƙarfin zuwa bolt dubu goma, wani lokaci har fiye da dubu ashirin. Koyil ba kome ba ne illa naɗin waya iri biyu a kan ƙarfe ɗaya, ɗaya mai 'yan zagaye kaɗan, ɗaya mai dubbai, kuma yana aiki ne da ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, cewa canjin ƙarfin maganaɗisu yana haifar da lantarki a cikin waya. Étienne Lenoir ya yi amfani da tartsatsin lantarki wajen kunna injinsa a Faransa tun 1860, amma sai a 1902 Gottlob Honold na kamfanin Bosch ya haɗa tsari mai ƙarfin da ya sa injin fetur mai gudu ya zama abin dogaro.

Shi kansa fulogin, idan aka lura, abu uku ne a haɗe. Akwai siririn ƙarfe da ya ratsa tsakiyarsa daga sama har ƙasa, akwai farin tangaran da ya kewaye ƙarfen domin ya hana lantarki zurarewa, sa'an nan akwai gangar jiki ta ƙarfe mai zare wadda ake ɗaurawa a kan silinda, da ɗan lanƙwasasshen harshe a ƙarshenta. Tsakanin bakin ƙarfen tsakiya da harshen akwai 'yar tazara, galibi tsakanin milimita 0.6 da 0.8 a ƙananan injina, kuma nan ne tartsatsin ke tsallakawa. Kowane tartsatsi yana cin wani ɗan abu daga ƙarfen. A hankali tazarar tana faɗi, gefen ƙarfen yana dakushewa, ƙarfin da ake bukata yana ƙaruwa, har a kai ranar da koyil zai kasa.

Akwai kuma batun zafi, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. Dole bakin fulogi ya kasance tsakanin zafin kimanin digiri 450 da 850 a ma'aunin Selshiyos. Idan bai kai 450 ba, kunkunniya tana taruwa a jikin tangaran, ita kuwa kunkunniya tana ɗaukar lantarki, sai wutar ta bi ta jikinta ta zurare maimakon ta tsallaka tazara. Idan ya wuce 850, bakin yana yin ja har ya kunna mai kafin lokaci, abin da ke iya huda fistin. Saboda haka masu ƙira suke yin fulogi iri-iri, wani mai saurin fitar da zafi, wani mai riƙe shi, suna kuma rubuta wannan a jikinsa. Alal misali, a lambar C7HSA ta kamfanin NGK na Japan, harafin C yana nufin kaurin zaren milimita 10 ne, 7 tana nuna matsayin zafinsa, H kuma tana nufin tsawon zaren milimita 12.7 ne. A tsarin wannan kamfani, babbar lamba tana nufin fulogi mai saurin fitar da zafi. A tsarin Bosch da Champion kuwa akasin haka ne. Wanda ya shiga shago ya ce a ba shi kowane iri muddin ya shiga ramin, ya sayi abin da bai sani ba.

Labarin Zuciya A Tambayi Fuska

Fetur yana ƙonewa sarai ne idan kowane giram ɗaya nasa ya sami kimanin giram 14.7 na iska. Aikin kafireta shi ne ta kiyaye wannan awo gwargwadon hali. Idan awon ya karkata, ko wani abin da bai kamata ba ya shigo ɗakin wuta, fuskar fulogi tana nunawa.

Fulogin injin mai lafiya bakinsa busasshe ne, launinsa ƙasa-ƙasa mai haske kamar ɓawon gyaɗa, ko kuwa toka-toka. Idan launin haka yake amma ƙarfen tsakiya ya cinye, gefensa ya zama kamar kan ashana, tazara ta buɗe, to tsufa ne kawai. A wannan hali kaɗai ne ɗaura sabo yake zama cikakken magani.

Idan kuwa bakin ya yi baƙi, busasshe, yana barin baƙi a yatsa kamar gindin tukunya, alama ce ta cewa mai ya yi wa iska yawa. Abu na farko da ya kamata a duba shi ne matatar iska, domin a ƙasar da ƙurar hunturu take rufe sama wata da watanni, matata tana toshewa da wuri, injin ya riƙa zuƙo mai da yawa da iska kaɗan. Yana kuma iya zama an bar cok a ja, ko kafireta ta kauce daga saiti, ko babur yana daɗewa a tsaye injin na aiki a hankali ana jiran fasinja, ko fulogin da aka ɗaura mai saurin fitar da zafi ne fiye da kima. Sabon fulogi a irin wannan injin zai yi baƙi kamar na jiya.

Baƙi mai maiƙo, wanda yake ƙyalli, wani labari ne dabam. Wannan baƙin mai ne yake hayewa cikin ɗakin wuta, galibi domin ringin fistin ya cinye ko robar bawul ta lalace, kuma sau da yawa akan ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana fita ta salansa. Fulogin da ya fito a jiƙe yana warin fetur kuma yana nuna mai yana zuwa amma wuta ba ta kama shi, don haka sai a bincika koyil da waya da hular da ake kifawa a kan fulogin.

Mafi haɗari shi ne wanda ya fito fari fat, tangaran ɗinsa da 'yan ƙuraje, ko harshensa ya fara narkewa. Jahili yakan ga farin ya ɗauka tsabta ce. Alhali zafi ne ya wuce iyaka, ko don mai ya yi kaɗan, ko iska tana satar hanya ta wata tsaga tsakanin kafireta da silinda, ko fulogin mai riƙe zafi ne, ko an ɗaura shi bai zauna ba. Ƙarfen nikel da ake yin bakin fulogi da shi sai ya kai digiri 1,455 yake narkewa, shi kuwa alminiyon da ake yin fistin da shi digiri 660 ya ishe shi. Idan har bakin fulogi ya fara narkewa, mai karatu yana iya ƙiyasta halin da fistin yake ciki.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa wannan karatu yana da iyaka. Launin fulogi yana nuna halin da injin ya kasance a ciki a 'yan mintocin ƙarshe fiye da na sauran yini, kuma alama ɗaya tana iya samun dalili biyu ko uku. Matsayinsa matsayin shaida ne, wanda ake sauraro sa'an nan a ci gaba da bincike. Amma kotun da ta kori shaida tun bai buɗe baki ba, da wuya hukuncinta ya yi daidai.

Yadda Ya Kamata A Canza Shi

Kowane mataki na wannan aiki yana da dalili na kimiyya a bayansa, kuma wanda ya san dalilin ba ya mantawa da matakin. Da farko a bari injin ya huce. Kan silinda na alminiyo ne, jikin fulogi kuwa na baƙin ƙarfe, kuma alminiyo yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, yana kuma yin laushi. Kwancewa ko ɗaurewa da zafi yana iya cinye zaren ramin, gyaran da ya fi kuɗin fulogi nesa ba kusa ba. Sa'an nan a cire hular ta hanyar kama ita kanta, kada a fizgi wayar. Kafin a kwance, a hure ƙura da yashin da suka taru a gindin fulogin, domin da zarar ramin ya buɗe za su faɗa cikin silinda, kuma yashi ya fi ƙarfen silinda tauri.

A yi amfani da sifanar fulogi wadda ta yi daidai da shi, a riƙe ta a miƙe don kada tangaran ya tsage. Idan ya fito, a tsaya a dube shi a cikin haske, a kuma jera shi da sabon a ga ko lambarsu ɗaya, ko tsawon zarensu ɗaya. Mai gajeren zare yana ɓuya cikin rami tartsatsinsa bai kai inda ake so ba, mai dogon zare kuwa yana iya karo da fistin. A auna tazarar sabon da ma'aunin nan mai siraran ganyayyakin ƙarfe, a daidaita ta da abin da littafin babur ya faɗa, ta hanyar lanƙwasa harshen a hankali ba tare da an taɓa ƙarfen tsakiya ba.

Wurin ɗaurewa ne aka fi yin ɓarna. A fara murɗa shi da yatsu kawai. Idan ya cije tun a zagaye na ɗaya ko na biyu, to ya hau zare a karkace, sai a warware a sake. Sai ya zauna daram sa'an nan a sa sifana, a ƙara kimanin rabin zagaye idan sabo ne, domin zoben da ke gindinsa ya matse. Idan tsoho ne ake mayarwa, ɗan kaɗan ya isa, tun da zoben ya riga ya matse. Yawancin zafin fulogi ta zarensa da mazauninsa yake bi ya fita, saboda haka wanda bai ɗauru ba yana yin zafi fiye da kima, wanda aka ɗaure da ƙarfin tsiya kuma yana lalata rami. Daga nan a mayar da hular har ta kama. Wasu samfuran Bajaj fulogi biyu gare su a silinda ɗaya, don wutar ta kama daga gefe biyu, kuma kuskure ne a canza wanda hannu yake kaiwa a bar ɗayan. A ƙarshe a rubuta ranar da adadin kilomita, domin a san tsawon kwanan da ya yi. Goga baki a kwalta kuwa yana ƙara cinye ƙarfen ne, kuma fulogi mai siririn bakin iridiyom ba a kankare shi sam.

Daga Salansa Zuwa Huhu

A farkon shekarun 1780 Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace sun sa wata 'yar dabba mai kama da ɓera cikin akwatin da ƙanƙara ta kewaye, suka auna yawan ƙanƙarar da ɗumin jikinta ya narkar da yawan iskar kabon-dayoksaid da ta fitar, suka kwatanta da na gawayi mai ci. Daga nan suka tabbatar cewa numfashi wani nau'in ƙonewa ne mai tafiya a hankali. Ƙwayoyin jikin mutum suna ƙona sukari a ɗumin digiri 37, injin yana ƙona fetur a zafin da ya haura digiri 2,000, amma dukkansu iskar oksijin suke nema, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da ake shaƙa. Direba da baburinsa daga rumbu ɗaya suke ɗiba.

Idan oksijin bai wadaci mai ba, kamar yadda baƙin fulogi yake nunawa, ƙonewar ba ta cika, sai a sami iskar kabon-monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Claude Bernard ya nuna tun 1857 cewa tana shiga jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Sinadarin himogilobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda aikinsa shi ne ya kai oksijin ga sassan jiki, yana riƙe kabon-monoksaid da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Ciwon kai da jiri da kasala su ne alamunta na farko, kuma su ne abubuwan da mai yini a cunkoson titi yake ɗora wa rana ko yunwa. Duk lokacin da tartsatsi ya kasa kuma, man da bai ƙone ba yana fita ta salansa ɗanye, har da sinadarin benzin da ke cikinsa, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Ƙananan ɓarɓashin kunkunniya kuwa suna wuce gashin hanci da majinar maƙogwaro, su isa can cikin 'yan jakunkunan huhu inda jini da iska suke musaya.

Baligi yana shaƙar iska kimanin lita 10,000 a kwana ɗaya, kuma ba shi da ikon zaɓen wadda zai shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 kafin lokacinsu a shekarar 2019. Babu mai cewa babur mai ƙafa uku ne ya ɗauki wannan alhaki shi kaɗai, domin ga manyan motoci, ga janareto, ga ƙona shara. Amma salansarsa a baya take kuma kusa da ƙasa, daidai fuskar direban da ke biye, da yarinya mai talla a bakin titi, da ɗan firamare da ke jiran tsallakawa.

Uzurin Da Ake Kawowa

Za a ce direba yana da balas da zai kai wa mai babur kowace yamma, ba shi da lokacin nazarin launi. Uzurin yana da ƙarfi, amma duba fulogi minti ɗaya ne, kuma baƙin fulogi yana nufin ana zubar da fetur ta salansa kullum. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi ya ninka, fetur ya zama mafi girman abin da direba yake kashe wa kuɗi. Wanke matatar iska kusan kyauta ne.

Za a ce kuma, ko an san ringi ne ya cinye, ba kowa ke da kuɗin sauke injin ba. Wannan ma gaskiya ne. Amma wanda ya san ciwonsa yana iya tanadi, ya zaɓi ranar gyara da kansa, ya kuma daina sayen fulogi kowane mako yana zargin mai shago. Jabun fulogi dai akwai shi, har kamfanonin da ke ƙera na gaske suna gargaɗi a kai, kuma araha ba ta ado. Sai dai ba kowane fulogi da ya mutu da wuri ne jabu ba, da yawa injin ne ya kashe su.

Wasu kuma za su ce zamanin fetur ya kusa wucewa, ga babura masu amfani da gas, ga masu lantarki. Mai gas dai har yanzu da tartsatsi yake tashi, kuma ya fi mai fetur bukatar fulogi mai lafiya. Mai lantarki ba shi da fulogi, amma shi ma zai lalace wata rana, kuma wanda ya saba canza kaya ba tare da tambayar dalili ba, haka zai yi wa batir mai tsadar gaske.

Aikin Da Ke Gaban Makarantu

Ƙwararrun makanikai sun daɗe da sanin yawancin abin da aka faɗa a nan, ko da ba su san sunan Faraday ba. Malamin makaranta kuma ya san Faraday, amma sau da yawa bai taɓa kwance fulogi ba. Ɗalibi yana tsakaninsu, yana haddace ƙa'idoji domin jarrabawa, alhali wansa ko mahaifinsa yana fama da waɗannan ƙa'idoji a titi kullum, wani ɗalibin ma shi da kansa yake jan babur bayan an tashi makaranta.

Makarantun da ke kukan rashin kayan ɗakin gwaje-gwaje suna da wani kaya da ake zubarwa kyauta a kowane gareji. Malami yana iya roƙon makanike ya tara masa tsofaffin fulogai ashirin ko talatin, ya raba wa ɗalibai rukuni-rukuni, su ware su bisa launi, su auna tazarar kowanne, su karanta lambar jikinsa, su rubuta abin da suke zaton ya sami injin da ya fito daga ciki. Sa'an nan a gayyato makaniken cikin aji, a ba shi kujera da girmamawar da ake ba kowane baƙon malami, ya faɗi nasa hukuncin, a ga inda aka dace da inda aka saɓa. A darasi ɗaya an taɓa lantarki da zafi na fiziks, an taɓa ƙonewa ta kemistiri, an taɓa numfashi da jini na ilmin halittu. An kuma koyar da abin da ya fi waɗannan duka wuyar koyarwa a allo, watau a duba da kyau, a yi zato, a gwada zaton, a yarda a canza ra'ayi idan shaida ta saɓa.

Ƙungiyoyin direbobi da masu sayar da kayan gyara su ma suna da rawar takawa, ko da ta liƙa hoton fuskokin fulogi da bayaninsu cikin Hausa a tasha da bakin shago ce. Amma makaranta ce ta fi cancanta ta fara. Ɗalibin da ya yi wannan darasi, ranar da babur ya mutu da shi a hanya ya ga direba ya ɗaga hannu zai yi wurgi da tsohon fulogi, zai iya cewa cikin ladabi: "Malam, don Allah ba ni in gani tukuna."